Saniyar Zakka Da Akwatin Zaɓe



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da wani dattijo ya yi mini a karar Adumri, muna zaune a inuwa muna jiran dillali ya gama ciniki. Ya ce da ni, "Malam, kai da ka yi karatu, bana 'yan fada sun zo rugata sun kama karsana biyu da sunan zakka, su ne kuma suka zaɓa da hannunsu. Shin na sauke farali ke nan, ko kuwa har yanzu Allah Yana bina?" Na tambaye shi yawan shanunsa, ya faɗa mini a kunne kamar yadda Bafulatani ya saba, sai na ga ko kusa abin da aka ɗauka bai yi daidai da abin da littafi ya ce ba. Na sake tambayarsa ko ya san inda karsanun suka tafi. Ya yi murmushi ya ce ai ba a tambayar kura ina ta kai akuya.

Wani zai ce wannan magana ta malamai ce, me ya kawo ta shafin da ake zancen burtali da mashaya da kuɗin shanu? Amsa ita ce a ƙasarmu ta arewacin Kamaru hannun da yake karɓar zakka shi ne yake raba ƙasar noma da ta kiwo, shi ne yake naɗa limamin Juma'a, kuma sau da yawa shi ne yake nuna wa talakawa akwatin da za su jefa ƙuri'a. Saboda haka duk wanda yake so ya yi zancen addini da siyasa a Garwa, to ya fara daga bakin garke.

Bari mu ɗan koma baya. Sarautun lamiɓe da muke gani a Garwa da Marwa da Gaundere da Rai Buba da Banyo da Tibati, asalinsu tutar jihadi ce wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba Modibbo Adama wajen shekarar 1809. Lamiɗo a wancan lokaci shugaban jama'ar Musulmi ne, yana da limaminsa da alƙalinsa da Sarkin Shanunsa, kuma karɓar zakka yana cikin aikinsa. Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa makiyayi ba. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, inda Shehu ya jera munanan al'adun sarakunan da ya yaƙa, ya ambaci jangali da sunansa a matsayin zalunci. Wato harajin shanu da ba shi da tushe a shari'a yana cikin dalilan da suka sa kakanninmu suka bar garkunansu suka bi tuta. To yaya aka yi jikokin masu tutar suka dawo da abin da aka yi yaƙi a kansa, suka kuma sa masa suna mai tsarki?

Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Marwa a 1902. Da su da Faransawan da suka gaje su bayan 1916 duk ba su rushe fada ba, domin sun ga babu hanya mai sauƙi ta tara haraji da samun 'yan aikin tilas irin ta hannun lamiɗo. Daga nan sarauta ta zama mai iyayengiji biyu, rawani na addini, umurni na Bature. Marigayi Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, wanda ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982, ya ƙarasa aikin da dokar 15 ga Yuli 1977, wadda ta kasa sarakuna daraja uku, ta kuma mai da su mataimakan hukuma: gwamnati ce take tabbatar da naɗinsu, ita ce kuma take iya tuɓe su. A 2013 aka yanka musu albashin wata, sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Bugu da ƙari da yawa daga cikinsu sun shiga siyasa tsundum. Marigayi Lamiɗon Garwa Alim Garga Hayatu ya riƙe muƙamin sakataren ƙasa a ma'aikatar lafiya tun 1996 har rasuwarsa a 2021. Lamiɗon Rai Buba Abubakar Abdullahi ya zama mataimaki na farko ga shugaban majalisar dattawa lokacin da aka kafa ta a 2013. Majalisun jihohi da aka fara zaɓa a watan Disamba 2020 kowace tana da kujera 20 na sarakuna cikin 90. Ban kawo waɗannan sunaye don in zargi kowa ba, kowa ya san su, kuma doka ba ta hana ba. Na kawo su ne don mu gane cewa mutumin da muke durƙusa wa a matsayin uban addini, shi ɗin ne kuma ɗan jam'iyya, yana da abokan hamayya, yana da buƙatar ƙuri'a da kuɗin kamfen kamar kowane ɗan siyasa.

Yanzu sai mu buɗe littafi, tun da da sunansa ake kama mana dabbobi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda shanunsa ba su kai 30 ba babu zakkar shanu a kansa ko kaɗan. Daga 30 zuwa 39 maraƙi ɗaya ne mai shekara biyu. Daga 40 zuwa 59 saniya ɗaya wadda ta cika shekara uku. A 60 maraƙa biyu, a 70 maraƙi ɗaya da saniya ɗaya, haka lissafin yake tafiya, kowane 30 maraƙi, kowane 40 saniya. Tumaki da awaki kuwa sai sun kai 40 ake fitar da ɗaya, kuma ɗayar nan ce har zuwa 120. Sau ɗaya ake yi a shekara. An hana mai karɓa ya zaɓi mafi kyawun dabba a garke, kamar yadda aka hana mai bayarwa ya tura gurguwa ko mai ciwo, tsaka-tsaki ake ɗauka. Waɗanda za a ba su ma Alƙur'ani ya ƙayyade su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kashi takwas ne, faƙirai da miskinai ne a kan gaba, akwai masu bashi da matafiyin da guzuri ya yanke wa, akwai ma'aikatan da suka tara ta. Babu dokin hawan salla a ciki, babu tarbar gwamna, babu man motar zuwa taron jam'iyya. Malamanmu sun kuma ce a raba ta a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa.

Ga kuma wurin da ya fi tayar mini da hankali game da tambayar dattijon nan. A cikin Muhtasar na Halilu, wanda babu wata makarantar zaure a Garwa da ba a san shi ba, an bayyana cewa wanda ya miƙa zakkarsa da son ransa ga shugaban da aka san ba ya kai ta inda shari'a ta ce, to ba ta isar masa ba. Ashe ke nan makiyayi yana iya yin asara biyu, dabba ta tafi, farali kuma yana nan a wuyansa. Ban isa in ba da fatawa ba, kowa ya je ya tambayi malaminsa. Amma ina mamakin yadda ake shekara da shekaru ana wa'azi a kan tsawon wando da inda ake ɗora hannu a salla, wannan babi kuwa da wuya ka ji an buɗe shi a kan mumbari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Limamin da fada ta naɗa, fada take ciyar da shi, fada kuma take iya sauke shi, da wane baki zai karanta wannan shafi ran Juma'a alhali mai rawani yana sahun gaba?

Kada a ce na yi wa sarakuna kuɗin goro. Akwai lamiɓe da lawanai da arɗaɓe da na sani waɗanda in rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi ba sa barci sai sun kashe wutar, akwai waɗanda ƙofarsu ba ta rabuwa da marayu da baƙi, kuma abin da suke ciyarwa ya fi albashin nan na gwamnati nesa ba kusa ba. Makiyayi ma ya fi son shari'ar fada a kan ta ofis, don a fada ana jin harshensa, ba a kuma ce masa ya dawo wata mai zuwa. To amma in fada tana buƙatar taimakon talakawanta, a kira abin da sunansa, a ce gaisuwa ce ko gudummawa, a faɗi adadi, mai iko ya bayar. Da zarar an ce zakka, an rufe bakin mutum, domin wa zai yi jayayya da rukunin Musulunci?

Abin bai tsaya kanmu ba. Tun daga shekarun 1970, da aka buɗe ayyukan raya kwarin Binuwai, aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982, dubban manoma suka gangaro daga Arewa Mai Nisa, Tupuri da Mafa da Giziga da Masa, da yawansu Kirista ne ko masu addinin gargajiya. A wurare da dama su ma ana karɓar wani kaso na amfanin gonarsu da sunan zakka, alhali shari'a ba ta ɗora wa wanda ba Musulmi ba zakka. A gaskiya kuɗin hayar ƙasa ne aka yi wa lulluɓi. Me ya shafe mu? Ya shafe mu ƙwarai. Mai gona yana biya duk kaka, don haka duk wani sabon fili da aka yanka masa riba ce ga mai rabawa, ko da filin tsakiyar burtali ne ko hanyar mashaya. Mu kuma mun biya tamu don a bar mu mu yi kiwo a wannan wuri ɗin. An sayar da ƙasa ɗaya ga mutum biyu, in shanu suka shiga auduga a sake cin tarar kowa. Ga shi kuwa fiye da kashi 40 cikin 100 na jihar Arewa gandun daji ne na Binuwai da Faro da Buba Njida da yankunan farautar Turawa da ke kewaye da su, inda in saniya ta taka sai masu gadi. Ranar da aka yi faɗa kuma sai ka ji ana cewa rikicin Musulmi da Kirista ne. Ina addini a nan? Manomin nan da ni duk hannu ɗaya ne ya tatse mu.

Mun riga mun ga wannan wasa. Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da dokar Disamba 1990, an yi ta raɗa wa jama'a cewa UNDP ta Bello Buba Maigari jam'iyyar Fulani Musulmi ce, MDR ta Dakole Daisala kuma ta waɗanda ake kira Kirdi ce, sunan da ni ba na son amfani da shi don na raini ne. Gaskiya ne a zamanin Ahijo an matsa wa waɗanda ba Musulmi ba a arewa, wasu sai da suka canja suna kafin su sami aiki ko sarauta, kuma wannan tabo bai warke ba. Wajibi ne mu Musulmi mu yarda an yi haka. Amma dubi yadda lissafin ya ƙare. A zaɓen Maris 1992 UNDP ta sami kujera 68, MDR ta sami 6, sai MDR ta haɗa kai da RDPC aka kafa gwamnati da ita. A ƙarshen 1997 Bello Buba shi ma ya shiga gwamnatin. Manya sun daidaita a Yawunde, talakawan da aka haɗa faɗa suna nan suna harara a kasuwa. A Kusiri kuwa, a watan Janairu 1992, Kotoko da Larabawan Shuwa ne suka kashe juna a kan rajistar zaɓe, dukansu masu salla, alƙibla ɗaya. A Rai Buba ɗan majalisa na UNDP, Haman Adama Dauda, ya rasu a watan Fabrairu 1996 bayan dukan da ƙungiyar Amnesty International ta ruwaito cewa dogaran fada ne suka yi masa lokacin kamfen. Shi ma Musulmi ne. Kalmar shahada ba ta tsare shi ba a ranar da ya tsaya a layin da ba a so.

Mu makiyayan daji ma mun san wannan tun da daɗewa. Ran zaɓe mu 'yan'uwa ne Musulmi, ran rabon muƙami ko gina makaranta kuwa mu Bororo ne da ba su iya alwala ba. Shekara 22 ɗan Garwa yana kan mulki, sai ga shi a 1992 dole 'ya'yan makiyaya suka kafa ƙungiyar MBOSCUDA don neman abin da ya kamata a ce sun samu tun tuni.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi wannan muni, kada wani saurayi ya karanta abin da na rubuta ya ce to maganin shi ne a ɗauki makami a kafa shari'a da ƙarfi. Mun ga masu wannan da'awa. Daga 2013, da 'yan Boko Haram suka fara satar mutane a wajen Waza, zuwa harin Kolofata na Yuli 2014 da bama-baman Marwa na Yuli 2015, wa ya fi makiyayi da bafatake shan wuya? Sun kore garkuna ɗungurungum suna cewa ganima ce, wani wurin ma zakka suke kiranta. An rufe iyaka, kasuwar Amcide da Banki ta mutu, hukuma ta rufe wasu kasuwannin shanu don kada a sayar da na sata, mai gaskiya ya rasa inda zai kai dabbarsa, a shingen soja kuma gemu da rawani suka zama abin tuhuma. Dattawanmu sun tuna Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ɗan ƙasar nan ne, da abin da ya jawo a Kano a Disamba 1980, da abin da almajiransa suka jawo a Jimeta a 1984. Duk wanda ya zo maka da ayar Allah a baki da igiyar kama saniya a hannu, ka dubi igiyar tukuna.

To mene ne matsayina? Tsarin mulkin 1996 ya ce Kamaru ƙasa ce da ba ruwanta da addinin kowa, dokar jam'iyyu ma ta hana kafa jam'iyya a kan bambancin addini ko ƙabila. Wasu 'yan'uwa suna jin haushin wannan, suna ganin kamar an kori Allah daga mulki. Ni a ganina, a ƙasar da Musulmi ba su ne mafi yawa ba, wannan doka garkuwarmu ce, ita ce ta sa ake hutun salla ƙarama da babba a Duwala kamar yadda ake na Kirsimeti a Garwa. Amma ban yarda da masu cewa malami ya tsaya a masallaci ya bar zancen duniya ba. In malami bai yi maganar burtalin da aka toshe ba, bai yi maganar masu satar 'ya'yan makiyaya a Mayo Rai da Tuboro da Mbere suna karɓar fansar da take cinye garke a dare ɗaya ba, bai yi maganar jami'in da yake karɓar na goro a kowane shinge daga Adumri zuwa Yawunde ba, to maganar me zai yi? Annabawa gaban sarakuna aka aike su. Abin da nake ƙi shi ne malamin da ba a jin muryarsa sai an zo addu'ar tazarce. A wajen ƙarshen 2024 da farkon 2025 manyan limaman Katolika na Yagwa da Gaundere sun fito fili a cocinsu sun faɗi irin wahalar da talakan arewa yake sha, duk ƙasa ta ji. Na ji kunya a ranar, don abin da suka faɗa mabiyanmu ne suka fi shan sa, kuma littattafanmu sun fi kowa tsanantawa a kansa.

Zaɓen 12 ga Oktoba 2025 ya ƙara nuna cewa jama'a sun fara gane wa kansu. Isa Ciroma Bakari ɗan Garwa ya tsaya, Bello Buba ya tsaya, sarakuna da malamai da dama kuma suka bi shugaba mai ci, wato Musulmi a kowane ɓangare. Sakamakon da hukuma ta bayar ya ba Paul Biya kashi 53.66, Ciroma 35.19, Ciroma ya ƙi amincewa, aka yi tarzoma, aka rasa rayuka a Garwa da Duwala da wasu garuruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka mutu. Ba zan shiga gardamar wa ya ci ba a nan. Abin lura shi ne ɗimbin ƙuri'un Ciroma daga Kiristocin kudu suka fito, da yawa daga talakawan lamiɓe kuma ba su jefa inda fada ta nuna ba. Wanda duk ya zo rugarka gobe ya ce zaɓen wane farilla ne, ko ƙin wane kafirci ne, ka ba shi nono ya sha, sa'an nan ka tambaye shi abin da mutumin nasa ya ce game da mashaya.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Kowane arɗo ya nemi malamin da ba ya cin abincin fada ya zo ruga kafin lokacin fitar da zakka, ya zauna da masu garke a yi lissafi a fili, kowa ya san abin da ke kansa. In an yarda a bi ta hannun fada, to a rubuta: sunan mai bayarwa, yawan dabbobi, da sunayen waɗanda aka raba wa, a karanta a masallaci bayan salla, kuma a fara da matan da masu garkuwa suka kashe wa maza da waɗanda fansa ta raba da shanunsu, don su ne faƙiranmu na yau. Fadar da take da gaskiya ba za ta ji tsoron takarda ba. Maganar fili kuma a daina barinta a zaure kaɗai. Dokar 3 ga Yuli 1978 ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a ƙarƙashin Sufurefe, da wakilin ma'aikatar dabbobi da na noma da sarki da wakilan ɓangarorin biyu, kuma aikinsa ne ya shata wurin kiwo da burtali. Mu matsa a zauna, a kafa alama, a ba mu kofin takardar. Ita ma dokar 1977 da ta ba sarakuna matsayi ta tanadi horo ga wanda ya ƙwaci dukiyar talakawansa, sai dai ba a hukunta laifin da ba wanda ya kai ƙara.

Shi kuwa dattijon nan na Adumri, na haɗa shi da wani malami a unguwarmu, suka zauna suka yi lissafi. Maraƙi ɗaya ne kacal yake kansa a bana. Ya ce zai fitar da shi ya ba wata gwauruwa a rugarsu mai 'ya'ya biyar, in 'yan fada sun dawo baɗi kuma zai ce su zo da takarda. Na ce masa kada ya tsaya shi kaɗai a ranar, ya kira arɗo da maƙwabta su zama shaida, ya kuma aiko mana da labari.